Kicin Ɗin 'Yar Fari

Ku matso kusa, masu karatu, yau maganar fenti na kawo muku. Na san wata ta riga ta taɓe baki, tana cewa duk abubuwan da ke cikin shirin aure a rasa na ba da labari sai fenti. Ki yi haƙuri ki gyara zama, ni ma da haka na ɗauki abin.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Ummulkhair. An sa ranata da Abdulfatah, ma'aikacin lafiyar dabbobi da ke duba shanu a kasuwar Maigatari. A wayata Likitan Shanu na sa masa, ya yi mitar har ya gaji ya bari. Ya gina mana ɗan madaidaicin gida a Gumel, ta bakin hanyar Maigatari. Ban taɓa ganin gidan da idona ba sai a hoto, don a danginmu amarya ba ta taka gidanta sai ranar da aka kai ta.

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa a faranti saƙonsa ya shigo.

"Amarya, Dogo mai fenti ya gama falo da ɗakuna. Saura kicin. Ya ce ƙarshen mako zai wuce wani aiki Gagarawa, kin san shi, in ya tafi sai an gan shi."

"To a shafa masa irin na falon mana," na rubuta.

"A'a. Falo su Gwaggo suka zaɓa, ɗaki Anti Safiya ta zaɓa. Kicin naki ne. Ba mai sa min baki a nan sai ke."

Sai ga hotuna suna ta shigowa, kwalin nan na masu fenti mai ƙananan kaloli jere reras. Na yi murmushi ni kaɗai har da rufe baki da gefen ɗankwali. Kun san daɗin a ce abu naka ne? Tunda aka fara hidimar nan ba wanda ya tambaye ni ra'ayina a kan ko da cokali. Gado an zaɓa, kujeru an zaɓa, ni dai sai a turo min hoto in ce masha Allah.

Daɗin bai daɗe ba, don ƙanwata Mansura ta leƙo ta kafaɗata. Kafin in ce kar ta faɗa wa kowa har ta tura guruf ɗin dangi.

Gwaggo Kande ce ta fara kira. Ita ce yayar Baffanmu, wato mahaifinmu, ita kuma ta ɗauke ni tun daga yaye ta riƙe ni a Gumel har na gama karatu. Duk abin da na iya a duniyar nan, daga ɗaura zani har tuƙa tuwo, a hannunta na koya. Ina son ta kamar raina, amma Gwaggo ba ta san shawara ba, umarni ta sani.

"Ke Ummu, ruwan toka za a yi. Tukwanen da na saya miki baƙi da ja ne, kabet ɗin ma mai duhu ne. Duk amaren yanzu ruwan toka suke yi, jeki gidan 'yar Hajiya Cindo ki gani."

"To Gwaggo."

Ina ajiyewa Anti Safiya, yayar Abdulfatah, ta turo murya mai tsawo, wai ruwan madara shi ne na 'yan gayu, yana sa kicin ya yi faɗi. Na ce to Anti. Mansura kuwa ta dafe ƙirji ta ce wallahi in ba ruwan hoda aka yi ba ba za ta zo min kwana ba. Na ce alhamdu lillahi, an rage min cin shinkafa.

Kowa ya faɗi nasa. Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba, tana can bakin murhu tana gyara itace kamar a wata unguwar ake maganar.

Bari in gaya muku wace ce Inna a wurina. Ita ta haife ni, ni ce 'yar farinta. Bafulatana ce ta gaske, daga wata ruga bayan Sule Tankarkar aka auro ta, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In dole ta kama, sai ta ce "ke", ko ta ce wa Mansura "kira waccan". In baƙi suka tambaye ta ni, sai ta ce 'yar Gwaggonta ce, ku tambaye ta. Da can abin bai dame ni ba, hutu kawai nake zuwa in koma Gumel. Amma da aka sa rana Baffa ya ce in dawo Sule Tankarkar, a ƙofar gidansa za a ɗaura, sai ga ni da Inna a tsakar gida ɗaya safe da yamma. Ina kallon yadda take tsefe wa Mansura kai tana mata faɗa tana dungure ta. Wallahi ko faɗan nan sha'awa yake ba ni.

Ba ta taɓa cuta min ba, kar ku fahimce ni ba daidai ba. Furata kullum ta fi ta kowa nono. Amma duk kayan da ke jibge a ɗakin Gwaggo, ba abu ɗaya da zan nuna in ce wannan Inna ce ta ce a yi haka. Kwanakin da suka rage min a gidan ba su da yawa. Sai na ji a raina ba ruwan toka nake so ba, ba ruwan madara ba. So nake in tsaya a kicin ɗina in kalli bango in san uwata ce ta zaɓa min.

Na fara dabara. Na bar wayar a buɗe a kan tabarmarta na tafi ɗebo ruwa a randa, na daɗe ina jujjuya moɗa. Da na dawo na tarar ta ɗora faifai a kan wayar, wai kar kaji su taka. Washegari na zauna kusa da ita na ɗaga murya ina tambayar Mansura, "Ni kam na rasa wanda zan ɗauka, da dai a samu babba ya duba min." Inna ta miƙe ta ce bari ta ba awaki dusa. Awakin da ta ba dusa ba a jima ba.

A rana ta uku na cire kunya. Na same ta a madafi tana burga miyar kuka, na tsuguna a bakin ƙofa.

"Inna."

"Uhm."

"Kalar kicin ɗin nan… wacce kike ganin ta fi?"

Ba ta ɗago ba. Maburgi ya ci gaba da juyawa a tafin hannunta.

"Ki tambayi uwarki a Gumel," ta ce.

Na san ba da mugunta ta faɗa ba, haka aka tarbiyyantar da ita, uwarta ma haka ta yi mata. Amma ya yi min zafi. Na shiga ɗaki na kwanta rub da ciki na yi kukana mai isata, sannan na ɗauki waya na rubuta wa Abdulfatah.

"Ka ce Dogo ya shafa duk wanda ya ga dama."

"Me ya faru?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗinki na san shi. Ina zuwa bayan la'asar."

Ya zo ɗin kuwa, a kan mashin ɗinsa, cikin shadda ruwan ƙasa da hula zanna, sai ƙamshin turare yake, amma ni da na san shi ina jiyo ɗan warin maganin shanu a ƙasan turaren. Na sa atamfata koriya mai ganye-ganye da mayafi baƙi, na goga kwalli don ya ɓoye kumburin ido, bai ɓoye ba. Mansura ta shimfiɗa mana tabarma a zaure ta kawo ruwa.

Ya tsare ni da tambaya har na faɗa masa gaskiya. Ya juya makullin mashin a yatsa.

"Yanzu duk wannan kukan a kan Inna ta ce ja ko kore ne?"

"Ba za ka gane ba. Kai Hajiyarku har Abdul ɗina take ce maka a gaban mutane."

"Ni ai na biyar ne a gidanmu, kunyar ta ƙare kafin a iso kaina."

Na yi dariya ban shirya ba. Wannan shi ne halinsa, ba ya barin mutum ya ji daɗin fushinsa.

To jama'a, a nan ne Likitan Shanu ya tafka ta. Muna cikin haka sai ga Inna ta dawo daga barkar maƙwabta, ta yi sallama ciki-ciki, ta ja mayafi ta raɓa bango za ta wuce. Ya sauka daga tabarma ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta amsa da ƙyar fuskarta a gefe. Da a nan ya tsaya da lafiya lau. Sai kawai na ji ya ce:

"Inna, dama Ummulkhair ce ta kasa zaɓen kalar kicin ɗinta, na ce ko za ku taimaka ku sa mana baki."

Inna lillahi. Suruki, a zaure, ya kama sunan 'yar fari ɓaro-ɓaro a gaban uwarta, kuma a kan maganar ɗakin aurenta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta faɗa cikin gida da sauri har takalminta ɗaya ya cire, ba ta ko waiwayo ba. Mansura da ke laɓe ta fito ta ɗauki takalmin tana dariya har da riƙe ciki.

"Na yi laifi ne?" ya tambaye ni, idonsa a waje.

"Tashi ka tafi."

"Wallahi taimako na yi niyya."

"Na sani. Tashi ka tafi kafin Baffa ya dawo ya ji."

Bai kai Gumel ba saƙonninsa suka fara shigowa, ban haƙuri da hoton mutum yana kuka. Na ƙi amsawa don ya ɗan ji a jikinsa, amma gaskiya ban ji haushinsa ba. Duk duniya ba wanda ya taɓa durƙusawa ya roƙa min wannan abin sai shi.

Ranar Inna ba ta ƙara haɗa ido da ni ba. Na ce shi ke nan, ɗan abin da ke tsakaninmu ma ya lalace.

Da safe bayan mun karya, Baffa ya fita gona, muna zaune a inuwar dalbejiyar tsakar gida. Inna na tankaɗen garin gero, Mansura na yanke farce, ni ina wanke ƙore. Tsakanina da Inna bai fi a miƙa hannu ba. Sai na ji ta yi gyaran murya.

"Mansura."

"Na'am Inna."

"Kicin ɗin nan da aka hana mutane sakat a kansa, taga nawa gare shi?"

Ƙwaryar hannuna ta kusa suɓucewa. Mansura ta kalle ni, na kalle ta. Na sunkuyar da kai na ce, "Ki ce taga ɗaya ce, 'yar ƙarama, katangar maƙwabta take kallo."

"Inna, wai taga ɗaya ce, 'yar…"

"Na ji, ba kurma ba ce ni."

Ta ci gaba da kaɗa rariya. Na ƙi ko motsi, kar in kore maganar.

"To ruwan toka duhu zai ƙara masa," ta ce, idonta a kan gari. "Akwai waɗanda ba sa son duhu. Tun suna zanin goyo, in aka shiga da su wuri mai duhu sai sun tara wa mutum jama'a da kuka. Har yanzu ma ba su daina ba, ina ganin ƙofarsu a buɗe suke barin ta."

Wayyo ni. Ashe tana gani. Ni da nake zaton ko kallon ƙofata ba ta yi.

Mansura, Allah ya yi mata albarka, ranar ta yi hankali. Ta ce, "To ruwan madara fa, Inna?"

"Ba ya ɓoye tabo. Su kuma ba su iya ganin tabo su ƙyale ba. Manja ɗaya zai fallatsa, su saki girki su kama goge bango har tuwo ya kama."

"Ruwan hoda fa?"

"Wannan ki bari sai naki."

"To wanne za a yi?"

Inna ta ajiye rariya ta kakkaɓe hannu. Ta ɗan daɗe tana kallon turken awaki.

"Ruwan bula. Ba mai kauri ba, mai haske, kamar an jiƙa farar ƙasa an ɗiga mata bula kaɗan. Yana sanyaya ido lokacin zafi, ƙuda ma bai cika son sa ba." Ta ɗauki rariyarta. "Shawara ce. In ba a so a bari."

Hawaye na ɗiga cikin ruwan wanke-wanke, amma bakina ya ƙi rufuwa don murmushi. Na ce, "Mansura, ki ce ana so. Ki ce an gode, Allah ya ƙara girma."

"Ki ce musu ƙwaryar nan tun ɗazu ta fita, su bar ta haka kar su huda ta," in ji Inna. Muryarta ta ɗan shaƙe, ta ce garin ne ya shigar mata maƙogwaro.

Na ruga ɗaki na nemo kalar a hotunan, ga ta can ƙasa a gefe, ban taɓa ko lura da ita ba. Na zagaye ta na tura wa Abdulfatah.

"Wannan."

"An huce ke nan? Wa ya zaɓa?"

"Kai dai ka ba Dogo."

"Ranki ya daɗe. Takalmin Inna dai ya koma?"

Na tura masa hoton sanda. Ranar har waƙa na yi ina shara, Baffa da ya dawo ya ce ko an yi min albishir da kujerar Makka ne.

Na manta da mutum ɗaya. Washegari da hantsi sai ga ƙarar a-daidaita-sahu a ƙofar gida, sai sallamar Gwaggo Kande tun daga zaure. Ta shigo cikin leshi ruwan goro da gwaggwaro, jaka a hammata, leda a hannu. Ko zama ba ta yi ba ta zazzage ledar a kan tabarma. Labulen kicin ne, ruwan toka, har an ɗinke.

"Ummu, zo nan."

Na zo na durƙusa. Inna ta gaishe ta a ladabce ta koma gindin turmi ta ci gaba da dakan fura.

"Na biya gidan in gwada labule, na tarar Dogo ya shafe bango guda da wani shuɗi. Na ce ya ajiye burushi sai na dawo. Ni na ce ruwan toka. Wa ya canza?"

Kun ga inda na tsinci kaina? In na ce Inna ce, na kunyata ta a gaban yayar mijinta, a ce ta sa baki a auren 'yar fari, kuma na san daga ranar ba za ta ƙara ba. In na yi shiru, Gwaggo za ta sa a mayar da toka. Ga kuma matar da ta goya ni ta yi min komai tsaye a kaina, ranta a ɓace.

"Ni ce, Gwaggo," na ce. "Ni na zaɓa. Ki yi haƙuri, shi nake so."

Tunda nake ban taɓa ce mata ga abin da nake so ba bayan ta yanke. Na runtse ido ina jiran faɗa. Da na buɗe sai na ga ba ni take kallo ba, gindin turmi take kallo.

"Ke kika zaɓa," ta maimaita a hankali. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno ta cire gwaggwaron ta ajiye a cinya. "Tun da na shiga kicin ɗin nan nake ta tunanin inda na san kalar. Sai a mota ta faɗo min. Rabona da ganin bango irin wannan tun ranar da na zo ɗaukar ki yaye. Ɗakin da aka goye ki ke nan. Da hannunta ta shafe shi da farar ƙasa da bula, tana da tsohon cikinki, muna ta yi mata tsiya. Ranar da na fito da ke kina ta miƙa hannu, ita tana zaune ta juya mana baya tana kallon bangon nan. Ko tari ba ta yi ba."

Ban san wannan ba. Ba wanda ya taɓa gaya min. Taɓarya na ta sauka a turmi, ba ta canza sauti ba.

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi ta ja hanci, sai ta dawo Gwaggonta sak.

"Ke Mansura, tsaya kallona za ki yi? Kira min yaron nan." Da ya ɗauka ta karɓe wayar. "Abdulfatahu, ka ce wa Dogo ya ci gaba. Eh, shuɗin. Ya yi masa shafi biyu, kar ya yi min algus." Ta kashe ta tura labulen gefe da ƙafa. "Wannan kuma a kai banɗaki."

Na rarrafa na kwantar da kaina a cinyarta. Ta dungure ni ta ce in ɗaga ta, na yi mata nauyi, amma hannunta na kan kaina. Sai ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Kuma ranar jere, mota ɗaya za mu shiga da mai dakan can. Na san uwa ba ta zuwa, ba sai an gaya min ba. Ni na ɗauke, ni kuma na ce sai ta je ta ga bangon nan da idonta. In ga wanda zai yi magana."

Dakan ya tsaya cak.

Ni da Mansura muka kalli juna. Mun san Inna, mun san abin da za ta ce, ko da ta bakin Mansura ne. Muka jira. Kaza ta zo ta tsattsagi geron da ya zube a gindin turmi ba wanda ya kore ta. Inna na tsaye riƙe da taɓarya, ta ba mu baya.

Ba ta ce a'a ba.